Tsarin shekara uku na ƙungiyar masu adana bayanan lafiya: da me za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a sashen adana bayanan marasa lafiya na wani babban asibitin jiha, inda jama'a suka fi sani da ɗakin kati. Kwanan nan aka zaɓe ni sakatariyar reshen ƙungiyarmu na jiha, shugaba kuma ya ɗora mini rubuta tsarin aikin da za mu bi na shekara uku. Duk taron da muka zauna, maganar alawus da ƙarin girma ce ke cinye lokacin. Ga shi kuma ana ta sa kwamfutoci a asibitoci ba wanda ya tuntuɓe mu. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata mu sa a gaba idan za mu tunkari gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taya riƙo.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki rarrabe aikin ɓangarori uku da 'yan ƙungiya suke yawan cakuɗawa. Akwai hukumar HRORBN mai kula da sana'ar adana bayanan lafiya a ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 39 ta 1989 ta kafa: ita ce ke yi wa ma'aikaci rajista, ta ba shi lasisi, ta tsara ilimin da ake buƙata kafin a shiga sana'ar, ta kuma hukunta wanda ya saɓa. Akwai ƙungiyar sana'a irin AHRIMPN, wadda aikinta ta zama muryar masu sana'ar, ta horar da su, ta ba gwamnati shawara. Sannan akwai ƙungiyoyin ƙwadago da ke ƙarƙashin JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, masu zama da gwamnati kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya (CONHESS) da yajin aiki. Yawancin tsare-tsaren rassa suna mutuwa ne a kan takarda saboda an cika su da abin da ba ya hannun reshe. Idan kika rubuta "za mu kori marasa lasisi daga ɗakunan kati", kin yi alkawarin da ba ki da ikon cikawa. Abin da ke hannunki shi ne: "kafin ƙarshen wata shida za mu tattara sunayen asibitocin da marasa lasisi ke riƙe da sashen, mu miƙa wa HRORBN da hukumar kula da asibitoci a rubuce." Maganar alawus kuwa haƙƙi ce, kada ki raina ta. Ki ba ta kwamiti na mutum uku da minti ashirin a kowane taro, su kawo rahoto, a wuce gaba.

Daga nan sai ƙidayar ma'aikatan sashen bayanai na jihar. Fom mai shafi ɗaya ya isa: suna, wurin aiki, takardar karatu ko ND ce ko HND ko digiri, matakin albashi, ko lasisinsa yana kan aiki, shekarar da zai yi ritaya, da ko ya iya sarrafa kwamfuta da DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman lafiya da ita. Ki raba wa wakili ɗaya a kowace shiyya, ki ba su sati shida. A ƙasan fom ɗin wakilin ya lissafo asibitoci da cibiyoyin lafiya na yankinsa da ba su da horarren ma'aikaci ko ɗaya. Layin ritayar nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi zai nuna miki mutum nawa za su bar aiki kafin wa'adin tsarin ya ƙare.

Ki haɗa da binciken fayil. A zaɓi asibiti biyar ko shida, a zaro fayil hamsin na waɗanda aka sallama a kowanne, ba tare da zaɓe ba, misali kowane na goma a rajistar sallama. A duba abu huɗu: an samu fayil ɗin ko ya ɓata, minti nawa aka ɗauka kafin a zaro shi, likita ya rubuta cutar ƙarshe da takardar sallama, an kuma sa wa cutar lambarta ta kundin cututtuka na duniya. Wannan aikin kwana biyu ne ga mutum biyu a kowane asibiti, amma ba a yin sa sai da izinin shugaban asibitin a rubuce, kuma ba a kwafi sunan mara lafiya ko ɗaya ba. Kwamishina yana iya mantawa da koke, da wuya ya manta da takardar da ta nuna masa fayil nawa cikin hamsin aka nema aka rasa a asibitinsa.

Da waɗannan alƙaluma a hannu, ku zaɓi manufofi uku, in an matsa huɗu. A ganina ta farko ita ce wadda kika ambata a ƙarshen tambayarki, wato sa kwamfutoci a asibitoci, domin tun ranar gini tun ranar zane. Abin da ke faruwa sananne ne. Ɗan kwangila ya zo da manhajarsa, ya fara bai wa kowa sabuwar lamba ba tare da ya haɗa ta da tsohuwar lambar fayil ba. Matar da ta shekara goma tana zuwa asibitin ciwon sukari sai ta zama baƙuwa, tarihinta yana can a ɗakin kati cikin ƙura. Ranar da ta manta katinta a gida, a sake buɗe mata wani. Yau an rubuta Hauwa Muhammad, gobe Hawwa'u Mohammed, jibi Hauwa M., mutum ɗaya lamba uku, sakamakon gwajin jininta a warwatse. Wurin rubuta cuta kuma an bar shi fili, kowa ya rubuta yadda ya ga dama, don haka ba a iya fitar da lissafin wata daga ciki. Sai ma'aikaci ya koma ƙirga rajista da hannu don cike fom ɗin wata-wata da ake kai wa jami'in bayanai na ƙaramar hukuma ya shigar a DHIS2. An sayi kwamfuta, aiki ya zama biyu.

Abin da ƙungiya za ta nema a nan takardar umarni ce daga ma'aikatar lafiya, mai sa hannun babban sakatare, wadda ta ce ba za a sayi manhajar asibiti ba sai shugaban sashen bayanai yana cikin kwamitin da zai tantance ta. Ku je da sharuɗɗanku a rubuce. Lamba ɗaya ga mutum ɗaya har abada, kuma manhaja ta nemi mutum da suna da ranar haihuwa da lambar waya ko NIN kafin ta yarda a buɗe sabon fayil. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, manhaja tana ajiye sawun wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Ta iya fitar da fom ɗin wata-wata da kanta. Bayanan mallakar asibiti ne, kuma ɗan kwangila zai miƙa su cikakku a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa ranar da aka rabu. Wannan sharaɗin kada ku sassauta a kansa, domin asibitin da bai rubuta shi a yarjejeniya ba yana iya wayar gari an rufe masa bayanan marasa lafiyarsa saboda bashin kuɗin shekara. A kuma kwafi bayanai kullum a ajiye a wani wuri dabam, a tanadi fom na takarda don ranar da wuta ko intanet ta ɗauke, da mutumin da zai shigar da su idan ta dawo. Tsofaffin fayiloli ba sai an ɗauki hotonsu duka ba. A fara da na waɗanda suka zo cikin shekara biyu ko uku da suka wuce, sauran a ɗauka ranar da mai shi ya dawo.

Manufa ta biyu sirrin mara lafiya, kuma a nan doka tana bayanku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa shugaban kowane asibiti ajiye bayanan duk wanda aka duba a sashe na 25, ta hana bayyana su sai da yardar mai su a rubuce ko umarnin kotu ko wani dalili da doka ta sani a sashe na 26, sannan sashe na 29 ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga wanda ya lalata ko ya canza ko ya kwafi bayanai ba bisa ƙa'ida ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'a 72. Ma'aikata da yawa ba su taɓa ganin waɗannan sassa ba. Ku fitar da littafin aiki mai shafi goma, ku sa abubuwan da suke faruwa kullum a bakin taga: miji ya zo neman sakamakon matarsa, ɗan sanda ya zo ba takardar kotu, ɗalibi yana son fayil ɗari don bincikensa, an ba mara lafiya fayil a hannu ya kai wa likita ya wuce da shi gida, an ɗauki hoton shafi an tura ta WhatsApp. Kowanne a rubuta abin da ma'aikaci zai ce da fom ɗin da zai cike. Dokar 2023 ta kuma buƙaci manyan masu riƙe bayanai su naɗa jami'in kare bayanai, kujerar da 'yan ƙungiyarku suka fi kowa kusa da ita idan kun horar da su tun yanzu.

Ta uku sa wa cututtuka lamba. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ICD-11, sabon kundin lambobin cututtuka na duniya, a watan Mayun 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, da lambobi kusan 17,000, kuma manhajar neman lambar kyauta ce. Kada ku yi bitar kwana ɗaya ta mutum ɗari biyu a raba takardar shaida a watse. Ku zaɓi mutum goma sha biyu, su yi kwana biyar suna aiki da misalan fayil da aka cire wa sunaye, kowanne ya koma ya horar da biyar, bayan wata uku a sake sa wa fayil ashirin na kowannensu lamba a ga inda aka saɓa. Ku jawo likitoci ciki, domin mai sa lamba ba ya iya gyara abin da ba a rubuta ba. Takardar shaidar mutuwa da aka rubuta wa "zuciya ta tsaya" ba ta faɗi komai ba, kowace mutuwa haka take ƙarewa. Abin da ake so shi ne cutar da ta faro lamarin, a layin ƙarshe na kashi na ɗaya na takardar. Hujjar da za ta fi shiga kunnen shugabannin asibiti ita ce kuɗi: dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, hukumomin inshorar lafiya na jihohi irin KSCHMA ta Kano suna biyan asibitoci, kuma takardar neman biya da cuta ba ta dace da maganin da aka rubuta ba tana iya dawowa ba a biya ba.

Ɗaukar sababbin ma'aikata sai ya biyo bayan waɗannan, da teburin ƙidayarki a gaba. Ku kai buƙatar ofishin shugaban ma'aikata da ma'aikatar lafiya tun tsakiyar shekara, lokacin da ake harhaɗa kasafin baɗi. Idan gwamna ya riga ya miƙa kasafi ga majalisa, sai dai ku jira wata shekarar. Gina sakatariya da sayen mota kuwa, ku bar su a wannan wa'adin.

Ki yi lissafin kuɗi kafin alkawari. A ce mambobi 300 ne, kowa yana biyan naira 1,000 a wata, wato naira miliyan 3.6 a shekara. Idan rabi ne kawai ke biya, miliyan 1.8 kike da shi, kuma a ciki za a cire kason uwar ƙungiya. A kan abin da ya shiga asusu bara za ki gina tsarin, ba abin da ya kamata ya shiga ba. Ku nemi a riƙa cire kuɗin daga albashi da yardar kowane mamba a rubuce, ku kuma karanta rahoton kuɗi a kowane taro, don wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi ba ya wahalar biya.

Takardar kanta kada ta wuce shafi huɗu. Ƙarƙashin kowace manufa ki ja tebur: aikin da za a yi, sunan mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kai, ranar gamawa, kuɗi, da abin da za a gani da ido a san an yi. "Inganta adana bayanai" ba ya aunuwa. "Fayil 45 cikin 50 su fito cikin minti goma a asibitoci biyar kafin Disambar shekara ta biyu" yana aunuwa. Babban taro ya amince da ita a rubuta cikin rahoton taro, domin kada sabon shugabanci ya yi watsi da ita. Duk wata uku shugabanni su zauna awa ɗaya da teburin a gabansu, a maimaita binciken fayil hamsin ɗin nan sau ɗaya a shekara a asibitocin da aka fara da su, a aika kwafi ga uwar ƙungiya da babban sakataren ma'aikatar lafiya.