Me Ya Sa Har Yanzu Ake Sauraron Cab Calloway?

Tambaya: Malam, ɗana ya nuna mini wani tsohon bidiyo a waya, inda wani Ba'amurke sanye da farar kwat yake waƙa yana rawa, jama'a suna amsa masa. Wane ne shi, kuma me ya sa matasa suke kallonsa har yau? Daga wani mai karatu a Runjin Sambo, Sakkwato.

Amsa: Malam, bisa ga bayaninka, Cab Calloway ka gani, baƙar fatan Amurka da aka haifa a 1907, ya rasu a 1994. Ya yi suna ne a farkon shekarun 1930, lokacin da ƙungiyarsa ta makaɗan jaz ta gaji ta Duke Ellington a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a birnin New York, gidan da baƙaƙen fata suke kiɗa, amma fararen fata ne 'yan kallo.

A ganina, abin da ya ɗorar da shi ba baƙon abu ba ne ga Basakkwacen da ya taso yana jin Narambaɗa da 'yan amshinsa. A waƙarsa ta 1931, "Minnie the Moocher", yakan jefa "hi-de-hi-de-hi-de-ho", kalaman da ba su da wata ma'ana, sai duk zauren ya karɓa, yana ƙara musu sauri har harshe ya sarƙe, a fashe da dariya. Wannan ba ya buƙatar jin Turanci. Ga kuma sandar jagorantar makaɗa a hannu, gashi yana zubo masa a goshi, ƙafa tana sulɓi kamar ba a ƙasa take ba. Fim ɗin The Blues Brothers na 1980 ya sake gabatar da shi ga sabon zamani yana da shekara saba'in da 'yan kai.