Amsa: Banki ya sa min bashin da ban nema ba

Malam, ka ce ka duba asusunka na karant ka tarar wai kai ake bi, alhali ba ka taɓa neman obadiraf ba, wato bashin cire kuɗi fiye da abin da ke asusunka. Nima haka ta faru da ni a wani reshen banki a unguwar PZ, wallahi raina ya ɓaci sosai. Cajin kula da asusu ne, a lokacin naira 1 kan kowace 1,000 da ka fitar, ga kuɗin alat na SMS, suna ta taruwa asusun babu komai har ya koma bashi.

Ka je da kanka ka nemi sitatimen, wato takardar shige da ficen kuɗin asusunka, ka rubuta ƙorafi su buga maka hatimi a kwafinka. In sati biyu ya wuce shiru, ka kai Babban Bankin Najeriya (CBN) sashen kare kwastoma. Ni dai na koma asusun ajiya na sebin, babu cajin kula da asusu.