Lesin, laftof ko kwas ɗin intabiyu? Amsa ga masu neman medisin

Assalamu alaikum. Tunda aka fara maganar rijistar JAMB saƙonni suka min yawa, kuma mafi yawansu akan medisin ne, me za'a saya, wa za'a biya, wace jami'a za'a cike. Na ɗauko guda huɗu, sauran ku min haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

Wata uwa daga Gusau tace: Malam ɗana yaci 231 bara kuma shi dai likita yake son zama. Na ɗauki adashi dubu 200. Wani gurin lesin sunce in biya na wata huɗu sun bada tabbacin zaici 300, shi kuma yaron yace laftof yakeso. Wanne zanyi?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah yasa kici moriyarsa. Kafin ki fidda ko sisi, ki sa ya ɗauko miki takardar sakamakonsa ta bara ki duba da idonki, don ba jimilla kaɗai ake rubutawa ba, kowane darasi da makinsa cikin 100, Turanci, Fizis, Kemistiri, Bayoloji. Wannan takardar ita zata gaya miki inda kuɗinki zai tafi. A yaran da na koyar abinda nafi gani shine Bayoloji yana sama, Kemistiri tsaka-tsaki, sai Fizis da Turanci su jawo yaro ƙasa. In haka nasa yake toh ai kinga ba lesin ɗin darasi huɗu yake buƙata ba, malamin Fizis ɗaya yake buƙata wanda zai zauna dashi suyi ta lissafi da biro da takarda har hannunsa ya saba, kuma wannan ko rabin kuɗin bazai ci ba.

Maganar tabbacin 300 kuwa ki ajiyeta gefe. Babu malamin da zai iya wannan alƙawarin tsakaninsa da Allah, ni shekara da shekaru ina koyar da Kemistiri ban taɓa yiwa uban wani ba. In kinaso ki gane ko gurin lesin na kirki ne kije da kanki da rana tsaka ba tare da sun san da zuwanki ba, ki leƙa ajin ki ƙirga kawuna. In yara sun kai ɗari a ɗaki ɗaya malami yana magana da lasifika, wannan wa'azi ne, yaron da bai gane ba babu mai sanin bai gane ba. Ki tambaya ko suna gwaji akan kwamfuta duk sati da agogo, kuma in anyi gwajin ana dawowa a bi tambayoyin da aka faɗi ɗaya bayan ɗaya? In amsar eh ce ki biya na wata ɗaya tukunna ki gani, kar ki zube na wata huɗu lokaci guda.

Shi kuma yaron da yace laftof ba shirme ya faɗa ba. Jarabawar nan tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60 sauran ukun 40-40, in kika raba kowace tambaya sakan 40 take samu. Yara da yawa sun san karatun wallahi, lokaci ne yake cinye su, ya tsaya akan lissafin Fizis ɗaya minti huɗu yana gumi, kafin ya farga saura minti goma ga Kemistiri ko buɗewa baiyi ba. Tun 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya amma har gobe akwai yaron da ranar jarabawa ce ranarsa ta farko da riƙe maus. Saidai abinda yake buƙata sabo ne da kwamfutar ba mallakarta ba. A, B, C, D na zaɓar amsa, N gaba, P baya, S miƙawa, da ɗan kalkuletan dake kan allon, shikenan fa. In akwai cibiyar CBT, wato gurin zana jarabawa a kwamfuta, ko kafe kusa daku, sau biyu a sati yaje ya zauna awa biyu cur kamar ranar gaske ya isa. In kuma dole sai an saya, tsohuwa ta hannu mai batir mai kyau tayi, a saka mata manhajar tsofaffin tambayoyi wadda bata buƙatar data. Kuma ki riƙa leƙawa, don laftof ɗin da ake karatu da ita da ita ake kallon fim da ƙwallo.

Abu biyu kuma da kusan kyauta ne amma sunfi duk wannan. Na farko silabus ɗin JAMB, yana nan a shafinsu na intanet ba'a biyan komai, a buga masa a takarda ya riƙa soke duk abinda ya gama. Na biyu littafin rubutu mai shafi 80, duk tambayar da ya faɗi a gwaji ya rubutata da dalilin da yasa ya faɗi, rashin sani ne, gaggawa ce, ko Turancin tambayar ne bai gane ba. Bayan sati uku zai ga kuskurensa kusan iri ɗaya ne yake ta dawowa. Littattafan tsofaffin tambayoyi na kasuwa ma a saya amma ya sani wasu amsoshin dake bayansu kuskure ne, na sha kamawa musamman a Kemistiri, duk wadda ta masa wani iri ya koma littafin karatu ya tabbatar. In yazo rijista ya zaɓi zaiyi jarabawar gwaji ta mok, kuɗinta bai kai amfaninta ba. Sannan ki gaya masa ba'a rage maki don an faɗi tambaya, kar ya bar ko ɗaya babu amsa.

Ragowar kuɗin ki riƙe, akwai Post-UTME, wato tantancewar da jami'a take yi bayan JAMB, a gaba da kuɗin mota da masauki.

Wani ɗalibi yace: Akwai wani a WhatsApp yace yana da hanya a ciki, zai ɗaga min maki daga 214 zuwa 290 akan dubu 40, har ya turo min hotunan waɗanda yayiwa.

Ƙanena kar ka tura masa ko naira ɗaya, kuma kar ka bashi lambar rijistarka ko NIN ɗinka. Abinda zai baka takarda ce da ya gyara a kwamfuta, makinka na gaske yana nan a rumbun JAMB kuma shi jami'a take gani a CAPS, shafin JAMB na bada gurbin karatu, ba takardar hannunka ba. A 2023 duk ƙasar nan anga ɗalibar da ta fito da takarda mai 362 alhali 249 taci, ƙarshenta dakatarwar shekara uku aka mata, ga 249 ɗin da zata iya samun wani kwas dashi ya tafi. Kuma ka tuna aikin da kake nema, rayukan mutane za'a damƙa maka. Dubu 40 ɗin nan ka sayi fom ɗin baɗi da littattafai, har canji zai rage.

Wata ɗaliba daga Kano tace: Naci 268, BUK na cike medisin. Yayana yace in canza zuwa Bayokemistiri in na shiga sai in koma medisin a aji biyu. Babana kuma yace in sake JAMB. Na rasa yadda zanyi.

Ƴata 268 maki ne mai kyau, kar ki bari kowa ya sa ki raina shi. Matsalar medisin ba wai kin kasa bane, kujerun ne ƙididdigaggu. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci a Najeriya ce take yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da zata iya ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta, BUK da asibitin Malam Aminu Kano, ABU da na Shika, Danfodiyo da Maiduguri duk haka ne, kuma masu nema sun ninka kujerun nesa ba kusa ba. Shiyasa makin da jami'a ta sanar na shiga Post-UTME daban, makin da ake samun medisin dashi a zahiri daban, mutane da yawa anan suke ruɗewa.

Shawarar yayanki dai ban goyi baya ba. Na san yana nufin alheri amma wannan ƙofar da kyar take buɗewa saboda ƙididdigar nan da na faɗa, kuma na ga yaran da suka shiga kwas ɗin da basa so da wannan niyyar suka ƙare shekara huɗu cikin ɓacin rai. In zaki shiga Bayokemistiri ki shiga don kina sonta.

Abinda zan ce kiyi, tunda baki faɗa min sakamakonki na WAEC ko NECO ba, ki fara dubashi. Kiredit biyar ake nema, Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri, Bayoloji, jami'o'i da dama a zama ɗaya suke so ga medisin, wasu kuma suna bawa A1 da B2 maki su haɗa da na JAMB da na Post-UTME. Kowace makaranta da lissafinta kuma yana canzawa, ki karanta sanarwarsu ta bana da kanki kar ki dogara da ance. In O-lebul ɗinki yana da ƙarfi ki tsaya kiyi Post-UTME da gaske. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da jami'ar take ɗauka a yankinta, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, ke ƴar Kano a BUK kina da wannan damar. Ki kuma duba jami'ar jiharku da sababbin na tarayya inda cunkoson bai kai haka ba, amma kafin ki biya kuɗin canjin makaranta ki shiga shafin MDCN ki tabbatar sunan jami'ar yana jerin waɗanda aka amincewa, kar ki shekara uku ana jiran izini. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah, asibitin kike so ko sunan dakta? Don likitan haƙori, Famasi, Nasin, Fiziyo, Rediyogirafi, Lab duk da darussan nan huɗu ake shigarsu kuma duk ana nemansu ido rufe. In kin duba kinga ke dai MBBS ce, wato digirin likitanci, toh maganar Baba ta fi, shekara ɗaya a gaban karatun shekara shida da hausmanshif, wato aikin horo a asibiti bayan kammalawa, ba asara bace, da sharaɗin ba zaman gida da waya zakiyi ba.

Wani uba daga Abuja yace: Ƴata tana A-lebul, Ingila muke so ta tafi. Wani kamfani yana sayar da kwas na UCAT da BMAT da horon intabiyu, kuɗin da fam ake biya. Ya cancanta?

Alhaji UCAT da BMAT jarabawoyi ne da aka tsara don tantance masu neman medisin a jami'o'in Ingila. Abu na farko, duk mai sayar maka da kwas ɗin BMAT yau tsohon kaya yake sayar maka, an daina jarabawar tun bayan ta 2023, jami'o'in da suke amfani da ita irinsu Oxford da Cambridge sun koma UCAT. Ita ma UCAT ɗin an canza ta a 2025, an cire ɓangaren zane-zanen siffofi, saura karatu da fahimta, yanke shawara, da lissafi, jimillar makinsu 2700, sai ɓangaren yadda mutum zaiyi in ya samu kansa a wani hali wanda ake bawa mataki 1 zuwa 4. Don haka littafin hannu na shekarun baya zai sa ta ɓata lokaci akan abinda babu shi. Ba jarabawar Bayoloji ko Kemistiri bace, ta sauri ce, ɓangaren karatun kaɗai tambaya 44 ne cikin minti ashirin da ɗoriya. Sau ɗaya ake yinta a shekara tsakanin Yuli da Satumba, fom ɗin medisin na UCAS, hukumar da ake neman jami'o'in Ingila ta hannunta, kuma 15 ga Oktoba ake rufewa, jami'a huɗu kacal zata iya zaɓa. Shafin UCAT ɗin kansa yana da tambayoyin gwaji da cikakkun jarabawoyi kyauta, ta fara cinye waɗannan, in sun ƙare ka biya mata rumbun tambayoyi na intanet na wata ɗaya ko biyu, wannan kam yana da amfani kuma bashi da tsada. Kwas na kwana biyu a otal ban ga abinda zai ƙara mata ba.

Intabiyun ne nake so ka bawa hankali. Yawancinsu yanzu MMI suke yi, tsarin da ya faro daga jami'ar McMaster ta Kanada, tasha-tasha ne kowacce ƴan mintuna, nan a tambayeta me yasa take son likitanci, can a haɗa ta da ɗan wasan da zai fito a mai fushi ko wanda za'a gayawa mummunan labari, gaba kuma a ce mata mara lafiya yaƙi karɓar magani da hankalinsa, ya zakiyi? Anan tarbiyyarmu mai kyau takan zamewa yaranmu cikas, mun koya musu sunkuyar da kai gaban manya da gajeriyar amsa, su kuwa can so suke ta kalli mutum ta faɗi ra'ayinta da dalilinta, har ta iya cewa ga inda mai ɗaya ra'ayin yake da gaskiya. Wannan ba'a saye, a gida ake koyonsa. Ka zaunar da ita bayan isha'i ka kunna agogo minti bakwai ka jefa mata tambaya da Turanci, ka ɗauka a waya ta kalli kanta, gobe ƙanwar mamanta ta mata, jibi wani likita abokinka wanda take jin nauyinsa. Ta san abubuwa huɗun da ɗa'ar likitanci take tsaye akai, haƙƙin mara lafiya ya zaɓarwa kansa, yi masa abinda zai amfane shi, kauce wa cutar dashi, da adalci tsakanin marasa lafiya. Ta karanta yadda NHS, hukumar lafiyar gwamnatin Ingila, take aiki tun kafata a 1948 da matsalar jiran layi da suke fama da ita.

Kuma dan Allah kar ta haddace "inason taimakon al'umma", kowa haka zai ce. A hutun nan ka nema mata izini a wani asibitin sha-ka-tafi ta riƙa zuwa ko sati biyu ne, ta zauna gun awon masu ciki da ranar rigakafi, ta dawo ta rubuta abinda ta gani da abinda ya dameta. Yarinyar da zata iya bada labarin yadda nas ta lallashi uwar da take tsoron allura har ta yarda, tana da abin faɗa a kowace tasha. In kana son biyan wani abu toh gwajin intabiyu ɗaya ko biyu da ɗalibin likitanci na can ta bidiyo ya wadatar, shima sai takardar gayyata ta iso. Ka kuma lissafa kuɗin makarantar na shekara biyar zuwa shida tun yanzu da canjin fam na yau, kujerun ƴan waje kaɗan ne kuma tsadarsu ba wasa ba, sannan in ta gama tana son aiki a gida sai ta zauna jarabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin a bata lasisi.