Tunda ƙodar ƙaninsa ce, zai iya rage shan magani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana ne aka yi wa dashen ƙoda wata 9 kenan, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ba shi. Alhamdulillah ya warware har ya koma kasuwa, to amma kuɗin magani ya yi mana yawa, shine yake cewa zai riƙa shan na safe kawai ya bar na dare tunda jininsu ɗaya. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka wa ƙanin nasa da alheri. Dan girman Allah kar ki bari ya yi haka, ko na dare ɗaya.

Kin ga garkuwar jiki ba ta san zumunci ba, duk abin da ba da shi aka haifi mutum ba baƙo ne a wajenta, kuma yaƙarsa za ta yi. Gaskiya ne ƙodar ɗan'uwa ta fi daɗewa, amma ko 'yan ciki ɗaya sau ɗaya cikin huɗu ne gwajin HLA ɗinsu (gwajin dacewar ƙwayoyin jiki da ake yi kafin dashe) ke dacewa gabaɗaya, su ɗin ma sai sun sha magani. Tagwaye masu kama ɗaya sak ne kawai suka kuɓuta, shi ya sa dashen farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye ne.

Tacrolimus, maganin hana jiki ƙin karɓar ƙodar da ake sha duk bayan awa 12, an tsara shi ne don kar ƙarfinsa ya sauka a jini, in ya tsallake na dare to kafin asuba sojojin jiki sun farka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sau da yawa ba ya jin komai, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, alhali ƙodar tana lalacewa a hankali. Na sha ganin wanda ya shigo yana cewa takalminsa ne ya matse shi, ka danna ƙaurinsa da yatsa ka ga rami ya zauna, a auna kiriyatinin (dattin jini da ke nuna aikin ƙoda) a ga ya ninka, ka tambaya sai matarsa ta sunkuyar da kai ta ce ai wata uku kenan rabi-rabi yake sha. Wani a ceto ƙodar, wani kuma sai komawa wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi na maganin nesa ba kusa ba. Shi ya sa gwajin jini ba fashi ko da yana jin garau.

Ba ƙin karɓa ne kaɗai ke kashe ƙodar dashe ba. Hawan jini da suga in ba a kula da su ba, za su cinye sabuwar kamar yadda suka cinye ta farko. Sai magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis kamar alawa, ya bar su kwata-kwata, da jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba. Rifampicin na tarin fuka yana karya ƙarfin tacrolimus sosai, gudawa kuma tana iya ƙara yawansa a jini har ya cutar da ƙodar, don haka duk likitan da zai rubuta masa magani ya fara gaya masa an yi masa dashe. Azumi ma kar ya ɗauka sai likitansa ya amince.

In kika ga fitsari ya ragu, ko zazzaɓi, ko kumburi, ko ciwo a mara wajen da aka dasa ƙodar, a tafi asibiti a ranar.

Maganar kuɗi kuma wallahi na san da nauyi, ba ƙaramin abu ba ne. Ku je ku faɗa wa likitansa gaskiya ba kunya, akwai masu rahusa irin azathioprine da akan iya sauya wa wasu a madadin mycophenolate (shi ma maganin hana ƙin karɓa ne) in gwaji ya nuna ba haɗari. Ku je a makon nan, kafin maganin da ke hannunku ya ƙare.