Yaro ya rungumi tuba, amma ba ta neman gafara ba

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Columbus, jihar Ohayo: "Shekarata uku ina aiki a nan da bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata. Ɗana mai shekara 16 ya shiga rukunin mabusa na makarantarsu, aka ba shi wani ƙaton ƙaho da ake kira tuba. Na tura bidiyonsa zauren WhatsApp na gida da murna, sai Yaya ya kira ni ya ce na kai yaro Amurka na mayar da shi maroƙi. Shi kuwa yaron cewa yake in ya gama sakandare zai shiga badujalar soja, ta nan ma ya samu takardun zama. In hana shi ne, ko in ƙyale?"

Malam, Allah ya raya mana shi. Kada ka ga laifin Yaya da wuri. A gida, mai kakaki da mai algaita a ƙofar fada ake ganinsu suna kambama mai sarauta, kuma sana'ar gado ce, gidan da bai gada ba ba ya son a ga ɗansa da ita. Da wannan idon ya kalli bidiyon. Sai dai tuba ba ta kirari, ba ta ambaton sunan kowa, ba a kuma yi wa mai ita liƙi. Ko sunan nata, da ya yi kama da tubar neman gafara, ba su haɗa komai ba. Kalmar Latin ce da ke nufin ƙahon busa.

A barikin soja aka haife ta. Kafin ita, masu badujala a Turai suna fama da neman abin da zai ba su murya mai kauri a fili. Akwai wani abin busa na itace mai lanƙwasa kamar maciji, da macijin ma ake kiransa, amma sautinsa ba ya kai nesa. A 1835 a Berlin, Wilhelm Wieprecht, jagoran makaɗan sojan Prusiya (wata tsohuwar masarauta a Jamus), da maƙeri Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar wani ƙaho na tagulla mai madannai biyar. Madannan su ne sirrin: kowanne aka danna, sai iska ta bi ƙarin bututu, sautin ya ƙara zurfi. Babbar tuba irin wadda makarantun Amurka suka fi amfani da ita, in aka warware bututunta zai haura mita biyar. Shi ya sa kake ganin yaron yana cika ƙirji kamar mai shirin nutso.

Aikinta a cikin rukuni shi ne aikin harsashi a gini. Ba ita ke rera waƙar ba, a baya ma ake zaunar da masu ita, amma a kan sautinsu kowa ke daidaita nasa. Mai tuba ya kauce, sauran mabusa duk sun kauce.

Wadda ka gani ana rataya wa a kafaɗa a filin ƙwallo kuwa ƙanwarta ce, susafon, mai sunan John Philip Sousa, wanda ya jagoranci makaɗan rundunar Marin, wani reshe na sojan Amurka, daga 1880 zuwa 1892 kafin ya kafa nasa rukunin. Shi ya nemi a ƙera masa ita a shekarun 1890, kuma ba don fareti ba: bakinta sama yake kallo, don sautin ya bazu a kan mabusan da ke zaune a dandali. Daga baya aka juyo da bakin gaba. Labarin Sousa ɗin ma ya shafe ka. Iyayensa baƙi ne daga Turai. Yana da shekara 13 ya so ya bi makaɗan 'yan wasan tanti, masu yawo gari-gari suna nuna wasanni, ya gudu, sai uban, wanda shi ma mabushi ne a rundunar, ya kai shi can aka ɗauke shi almajiri. Bai raba shi da busa ba, ya dai zaɓa masa inda zai yi ta.

A garin da kake, abin ba ƙaramin matsayi ba ne. Tun 1936 mabusan Jami'ar Jihar Ohayo ke jeruwa a fili su rubuta sunan jihar da jikinsu, kuma al'ada ta bar wa mai susafon ɗigon harafin "i". Yaro kan yi shekaru yana jiran wannan rana.

To, ana cin abinci da ita? Ana ci, amma ƙofar ƙunci ce da ita. William Bell ya busa wa Sousa, ya zauna a babban rukunin makaɗa na New York, ya ƙare yana koyarwa a Jami'ar Indiyana. Ɗalibinsa Harvey Phillips, wanda ya fara da wasan tanti, shi ya gaje shi a can, ya kuma yi ta neman marubuta kiɗa su rubuta wa tuba abin da za ta busa ita kaɗai. Carol Jantsch ta samu kujerar mai tuba a babban rukunin makaɗa na Philadelphia a 2006 tun ba ta gama jami'a ba. Amma ka lura da wannan: babban rukuni irin mai goge da yawa, mai tuba ɗaya tak yake ɗauka. Arnold Jacobs ya zauna a kujerar Chicago daga 1944 har 1988. Shekara 44 kujera ɗaya ba ta buɗe ba! Rukunin mabusa zalla shi ke buƙatar masu tuba da dama, kuma mafi yawan masu biyan albashi a cikinsu na soja ne. Sauran koyarwa suke yi.

Nan ne lissafin yaron ya karkace. Soja ba ya ba mutum takardar zama, sai mai ita yake ɗauka. Ba a shiga sojan Amurka sai da shaidar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, wato girin kad. Manyan rukunai irin na Marin da ke busa a fadar shugaban ƙasa kuwa sai ɗan ƙasa, sai kuma an tantance shi ta fuskar tsaro. Mai girin kad da ya shiga soja yana iya samun sauƙin zama ɗan ƙasa, wannan gaskiya ne, amma katin ne ke gaba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba tubar ba ce, shekarun yaron ne. Yana zaune da bizar H-4 a ƙarƙashin taka, kuma ranar da ya cika 21 ta daina rufe shi. Ita H-1B ɗinka shekara shida ce a ƙa'ida, ka ci uku, kuma tsawaita ta bayan haka ya dogara da an fara nema maka girin kad a kan lokaci. Ka tambayi wurin aikinka a wannan watan inda maganar ta kwana, ka kuma zauna da lauyan shige da fice ya lissafa maka shekarun yaron, don akwai dokar 2002 da ke kare wasu yara daga wuce shekaru, amma ba a yin lissafinta da ka. A halin yanzu kada ya karɓi ko dala ɗaya don ya yi busa a biki ko taro, domin yaro mai H-4 ba shi da izinin aiki. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya ma bai shafe shi ba tukuna, sai wanda jami'a ke bayarwa daga aljihunta, kuma a nan ƙwarewa a tuba na iya yi masa rana.

Ni dai ban ga dalilin hana shi ba, muddin darasi bai yi baya ba kuma salla ba ta wuce shi don atisaye. In zuciyarka na da ɗar ta ɓangaren addini, malamin da ka yarda da shi za ka tambaya, ba zauren WhatsApp ba.

Shi kuma Yaya, kada ka tura masa tarihin Wieprecht, ba abin da ya tambaya ke nan ba. Ka kira shi kai da kanka, ka ba shi girmansa, ka ce masa darasi ne na makaranta irin faretin badujala, ba wanda ake yi wa roƙo. Bayan kwana biyu ka sa yaron ya kira shi ya gaishe shi da Hausa, ya karanta masa sakamakon jarrabawarsa. Bidiyo na gaba kuma ka fara tura wa Yaya shi kaɗai kafin zaure ya gani.