Amsa ga Kawu a Maradi kan aikin dasa alamomin tsere a teku

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya, saƙonku ya iso. Na ji cewa an tattauna a ƙofar gida kan abin da ya kai ɗan Maradi, wanda ya tashi bai san ruwan da ya wuce gulbi da tafkin Madarunfa ba, ga ƙarar da ranar hutunsa a bakin Bahar Rum yana jefa manyan tulunan roba, wato alamomin tseren jirage, cikin teku, har wasu suka ce wannan ma ya isa shaida cewa mu da muka zauna a birnin Marsey na Faransa mun narke cikin Turawa. Zan fara da aikin kansa, domin na lura masu yanke hukuncin ba su san shi ba.

Jiragen da ake tseren da su ƙananan kwalekwale ne marasa inji, waɗanda iska ke turawa ta hanyar babban ƙyalle, mutum ɗaya ko biyu a ciki. Na yara, wanda ake kira Optimist, an ƙirƙiro shi a Amurka a 1947, tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, kuma ana tsere da shi har shekara 15. Filin sukuwa yana nan inda aka shata shi ko da wace iska ake yi, amma namu dole a shata shi sabo kowace rana, wani lokaci ma tsakanin tsere da tsere, saboda iska ce ke nuna inda kowace alama za ta zauna.

Dalili shi ne, irin wannan jirgi ba ya iya nufar inda iska ke fitowa kai tsaye. Iyakarsa ya karkace da kimanin digiri 45, ya yi dama, ya juya hagu, yana hawa a hankali. A wannan hawan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo, shi ya sa alama ta farko take zama daidai mafitar iska idan an duba daga wurin tashi. In aka karkatar da ita, kowa zai bi layi guda ba tare da wani zaɓi ba, wanda ya tashi a gaba shi zai ƙare a gaba, tseren ya zama jerin gwano. Saboda haka kafin mu jefa ko alama ɗaya, mukan tsayar da jirgin alƙalai, mu ɗaura zare a kan sanda, mu riƙa duba kamfas muna rubuta inda iskar ke kaɗawa har mu gane tsakiyarta. Layin tashi kuma, wanda ke tsakanin jirgin alƙalai da wata ƙaramar alama, sai ya gicciye iskar daidai, in ba haka ba jiragen duka za su cunkushe a gefen da ya fi riba, a yi ta karo da ƙorafi. Bayan haka ne ake zaɓar siffar fagen, ko dai hawa da gangarowa tsakanin alamomi biyu, ko mai kusurwa uku, kuma galibi jirgi yana barin alama ta hagunsa. Igiyar ƙugiyar da ke riƙe alama a ƙasan teku ma tana da nata ilimi, don in ta yi gajarta alamar za ta ja ƙugiyarta ta bar wurinta, in kuma ta yi tsawo sai ta sarƙe ƙasan jiragen da ke zagayowa.

Marigayi Baba, a zuwan da ya yi wurinmu neman magani, ya ƙi shiga jirgi ƙememe, ya zauna a gaɓa da carbinsa yana kallo. Bai tambaye ni wanda ya ci ba. Abin da ya so ya sani shi ne wa ke tabbatar da cewa ba a cuci kowa ba. Na faɗa masa cewa ana ɗaga tuta da busa ƙaho saura minti 5, sannan saura 4, sannan a sauke tuta ɗaya da busa saura 1, kafin a tashi. Wanda ya ƙetare layi da wuri sai ya dawo. Wanda ya taɓa alama kuma yakan juya jirginsa zagaye guda don hukunta kansa, ko alƙali ya gani ko bai gani ba. Wannan na ƙarshe ya fi burge shi, har ya sa na maimaita.

Na san inda maganar ta fi ciwo, Kawu, wato aurena. Gaskiya ne surukina, Bafaranshe, shi ya koya mini wannan aiki, kuma ta dalilin gidansu na shiga kulob ɗin tseren jiragen. Ban ga abin ɓoyewa a nan ba. Mutumin da ya ba ni 'yarsa, ya yarda a ɗaura aure yadda addini ya tanada, bai taɓa ajiye abin da ya haramta gare ni a gabana ba, ban ga dalilin da zai sa in raina sana'ar da yake ƙauna ba. 'Yan kulob sun san ba a nemana ranar Juma'a da rana, sun san da azumi nakan yi aikin safe in bar na yamma, kuma tabarmar sallata tana ɗakin ajiyar igiyoyi ba wanda ya taɓa ɗaga ta. Yaran suna jin Hausa, ko da yake harshensu ya ɗan karye, suna durƙusawa su gaida manya, kuma babbar ta fi ni iya karanta iska. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne, idan hidima ta taso a gida ba a tambayar ko har yanzu mu Hausawa ne kafin a kira mu, sai an ga hoto a bakin teku tambayar ke tasowa.

Kun kuma tambaya ko ana biyana. Ba a biya; aikin sa kai ne, kamar yadda yawancin alƙalan kulob suke yi, har a wannan gari da ya karɓi tseren jiragen iska na Olamfik a 2024. Wahalarsa kuwa ba kaɗan ba ce, musamman ranar da iskar arewa maso yamma da ake kira Mistral ta taso, ko ranar da iskar ta juya ana tsakiyar tsere. A irin wannan hali sai mu ciro alama da ƙugiyarta da hannu, mu kai ta sabon wuri, mu tsaya a alamar da jirage ke zagayawa kafin ita muna ɗaga tutar sauyi da maimaita busa domin kowane jirgi ya san inda zai nufa. Idan juyawar ta yi yawa har tseren ya daina zama na adalci, sai a soke shi, kowa ya koma layin tashi a sake auna iska.

Ku gaishe mini da Gwaggo da sauran mutanen gida.