Ga ƙanena mai shirin fita aikin bishara, akan maganar kaɗaici

Ƙanena, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya su Baba da Mama, ya mutanen Wusasa gaba ɗaya? Naga saƙonka, kace ka kusa gama karatun tauhidi kuma wata ikilisiya a nan Ingila tana nemanka kazo ka yi musu hidima, amma kaji ana cewa kaɗaici yana cinye mutum a nan, har kana tambayata wai wanda Allah ya kira da gaske zai iya shiga wannan halin?

Zai shiga, ƙanena. Gara kaji daga bakina tun kana gida, dan ranar da abin ya sameka kar kace kiranka ne ba na gaskiya ba.

Maganar takardu bazan daɗe a kai ba. Dole ikilisiyar ta zama tana da lasisin ɗaukar ma'aikaci daga waje, ita zata baka takardar ɗaukar nauyi, kuma ka tambayesu wace biza ce, dan akwai ta masu aikin fasto wadda farkonta take kai shekara 3 da wata 1, akwai ta wucin gadi da bata wuce shekara 2. Za'a maka gwajin tarin fuka kafin ka nema. Wannan duk mai sauƙi ne in aka gwada da abinda ke jiranka bayan ka sauka.

Mu a gida bamu san goye muke ba. Ka tashi da asuba kaji Mama tana waƙa a tsakar gida, ranar Lahadi ko baka da niyya ƙarar tulun zumuntar mata zata fito da kai, in kayi sati biyu ba'a ganka a majami'a ba wani dattijo zai tsayar da mashin ɗinsa a ƙofar gidanku yace lafiya kuwa. Bangaskiyarka tana tafiya a bayan mutane kai kana ganin kamar da ƙafarka kake tafiya. To a nan saukeka za'a yi. Garin da nake a arewacin ƙasar, watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka gama sujada da tsofaffi ƴan kaɗan, a sha shayi da biskit a tsaye, kowa ya maka murmushi ya shiga motarsa, kai kuma ka dawo ɗaki ka kunna hita ka zauna da rigar sanyinka a jiki, daga nan har safiyar Litinin babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ba mugunta bace fa, mutanen kirki ne, haka rayuwarsu take, ba'a zuwa gidan mutum sai an sa rana. Su kansu abin na damunsu, shi yasa a 2018 gwamnatinsu ta naɗa minista musamman dan maganar kaɗaici. Kuma ka sani ba Ingilar da ta turo mana mishan zaka tarar ba, ƙidayar 2021 ta nuna a Ingila da Wales waɗanda suka ce su Kirista ne kashi 46 ne cikin 100, kashi 37 sunce basu da addini sam. Zaka yi wa'azin da ka kwana kana shiryawa, babu amin babu motsi.

Abinda yafi ciwo shine addu'a ita kanta tana bushewa. Ka durƙusa ka rasa abin faɗa. A nan ne shaiɗan yake samun mutum, yace maka ai Allah ya barka a tashar Kwangila ranar da ka hau mota. Lokacin da nake cikin wannan, 1 Sarakuna sura 19 ce ta riƙeni. Iliya fa, wanda wuta ta sauko ta dalilin addu'arsa, ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, daga baya ma yace shi kaɗai ya rage. Ka duba me Allah ya fara masa, bai tsawata masa ba, abinci da ruwa aka kawo masa aka barshi yayi barci, aka sake tashinsa ya ci, sai daga baya aka yi magana dashi, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da basu durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma bashi Elisha ya zama abokin tafiya. Bulus ma a 2 Timoti sura 4, Dimas ya barshi, Luka ne kawai tare dashi, yana roƙon Timoti yayi sauri yazo kafin sanyi ya shigo ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa. Manzo guda yana jin sanyi yana kewar mutane, kuma bai ɓoye ba. Ni wannan ya cire min kunyar faɗa.

Ka tuna ma tarihin garinmu. Likita Miller, baturen mishan ɗin da muke ji a bakin kakanni, sai da yaje Tarabulus ya koyi Hausa, a 1900 suka iso Kano da Bishop Tugwell sarki yace su fita, suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya rasu a can. Sai 1905 ya samu zama cikin birnin Zariya, mishan bata koma Wusasa ba sai 1929, Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Ka lissafa shekarun. Duk abinda mutum zai ce akan turawan mishan da zamaninsu, wannan jiran kam ba na wasa bane, kuma ni ina ganin mu yanzu mun cika son ganin sakamako cikin wata shida dan mu tura hoto gida.

Girman da na samu cikin bangaskiya a nan ba wani abu bane mai walƙiya. Na koyi yin addu'a ranar da bana jin komai, in buɗe Zabura in karanta da ƙarfi da Hausa a ɗaki, ta 42 da ta 88 musamman, ita ta 88 ma bata ƙare da murna ba kuma Allah ya yarda aka barta a cikin Littafinsa. Na sa lokaci tsayayye da safe, ko da daɗi ko ba daɗi. A hankali sai na gane abinda nake dashi a gida rabi na iyaye ne, wanda ke tsirowa a nan shine nawa.

Amma kar kaji haka kace zaka zauna kai da Allah kawai a ɗaki. Yesu bibbiyu ya aiki almajiransa, Markus 6 aya 7, bai aiki kowa shi kaɗai ba. Tun kafin ka taso ka samu mutum biyu ko uku a gida da zaka riƙa gaya wa gaskiya, ba rahoton nasara irin wanda ake karantawa gaban ikilisiya ba, waɗanda zaka iya cewa wannan satin ban iya addu'a ba. Kira bashi da wuya, lokacin zafi agogonmu ɗaya da Najeriya, lokacin sanyi awa ɗaya kuka fimu. Sai dai kar ka kwana a WhatsApp kana bin duk abinda ake yi a Wusasa, jikinka na nan zuciyarka na can, haka mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Zumunta a ƙafa take a nan ma, kaine zaka fara. Ni tsofaffin da basa iya fitowa na fara ziyarta, wata tsohuwa da mijinta ya rasu tana ajiye min kofi na daban a kan tire, hannunta na rawa tana zuba shayin, mu zauna ta bani labarin mijinta, in karanta mata aya ɗaya in tafi. Naje ne dan in taimaketa, ashe ni ma ana taimakona.

Kuma ka nemi Hausawa, kar ka tsaya tambayar addini. Wanda yafi cire min kewa wani ɗan Tudun Wada ne, Musulmi, yazo digiri na uku daga ABU, matarsa takan yi tuwo da miyar kuka su kirani, in lokacin sallah yayi ya tashi yayi abinsa ya dawo mu cigaba da hira. Ai haka muka taso a Zazzau, gida nawa ne a Wusasa da babu dangi Musulmi.

Jikinka ma ka kula dashi, ka fita ka taka da rana ko da hadari, likitocin nan suna ba kowa shawarar shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris saboda ƙarancin rana. In baƙin ciki ya daɗe, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, kaje asibiti ka gaya wa likita, kana addu'a kana shan magani babu zunubi a ciki.

Kafin ka basu amsa, ka nemi dattawan da suka taɓa fita aikin bishara suka dawo, na ƙungiyoyin aika masu bishara irin EMS ko CAPRO, ita CAPRO ma ai a nan Zariya aka fara ta a 1975, ka zauna dasu su baka labarin shekararsu ta farko. Sannan ka rubuta wa ikilisiyar ka tambayesu a fili: wa zai kula da kai, a ina zaka zauna, da wa zaka ci abinci ranar Kirsimeti, kuma yaushe zasu barka kazo gida hutu. Abinda suka amsa ka turo min in gani. Ka gaida Mama sosai.